An Yi Karo, Mai Ɗaya Motar Ya Ce Laifinka Ne: Yadda Ake Bin Haƙƙi Ta Hanyar Inshora

Mahaifina fataucin shanu yake yi a Kara, nan bakin hanyar Legas zuwa Ibadan, ni kuma tun da na gama sakandare nake riƙe masa lissafi, ina kuma tuƙa a-kori-kurar da muke kai wa masu saye dabbobinsu. Ni ba lauya ba ne, ba kuma ma'aikacin inshora ba. Wani karo da muka yi ana saura kwana biyar Babbar Sallah ne ya sa na yi wata biyu da rabi ina zirga-zirga tsakanin caji ofis, garejin makanikai da ofishin kamfanin inshora. Abin da na koya a wannan wahalar shi na tattara a nan, don wanda abin ya faɗa wa ya san inda zai sa ƙafa.

Abin da ya same mu a taƙaice

Na ɗauko bijimai biyu zan kai Ogba. Mun wuce Berger kaɗan, ana tafiya a hankali saboda cunkoso, sai wata jif ta kutso daga hannun damana ba sigina ba komai, tana son shiga gabana. Na taka burki, amma mota da kaya ba ta tsayawa nan take. Bambata ta gogi ƙofarsa ta baya ta hagu, ni kuma fitilata ta dama ta fashe, lagireto ya huje.

Ina fitowa na ce masa "sori", kamar yadda kowannenmu zai ce sannu ga wanda abu ya sama. Ashe matarsa na ɗauka a waya. Nan take ya ce ai ga shi na amsa laifi da bakina, ni na buge shi ta baya, in ba shi naira dubu ɗari takwas ko motarmu ta kwana a caji ofis da shanun a ciki. Na kira Baba, ya ce: "Ka lallaɓa shi a rage, mu biya mu bar wa Allah. Mu baƙi ne." Na ce: "Baba, ka yi haƙuri ka ba ni kwana biyu. Kuɗin sa guda ne fa, kuma wallahi ba ni na shiga hannunsa ba." Da ƙyar ya yarda.

Da farko, wace irin inshora ke hannunka?

Mafi yawanmu takardar inshora muna ɗaukarta takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai. Alhali iri biyu ne manya, kuma aikinsu ya bambanta.

Ta farko ita ce inshorar ɓangare na uku, wadda doka ta wajabta wa duk abin hawan da ke kan titi. Ita wannan ba ta gyara motarka. Aikinta shi ne, in kai ka yi wa wani ɓarna, kamfaninka ya biya shi a madadinka. Haka nan in wani ne ya yi maka ɓarna, kamfaninsa ne zai biya ka. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa farashin shekara da iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya kamar haka:

Motar gida: naira 15,000, ana biyan ɓarna har naira miliyan 3.
Motar da kake ɗaukar kayanka na kanka: naira 20,000, har miliyan 5.
Manyan motocin dakon kaya: naira 100,000, har miliyan 5.
Keke Napep: naira 5,000, har miliyan 2.
Babur: naira 3,000, har miliyan 1.

Wannan iyakar ta dukiya ce. Maganar rauni ko rasa rai lissafinta daban ne.

Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora. Ita tana gyara motarka ko da laifinka ne, ta kuma biya wanda ka yi wa ɓarna. Kuɗinta bai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba a shekara, wato motar miliyan goma kusan dubu ɗari biyar ke nan. Mai irin wannan, musun ɗaya direban bai cika tayar masa da hankali ba, don kamfaninsa zai gyara masa, sannan shi kamfanin ya bi ɗaya ɓangaren ya karɓo kuɗinsa. Mu masu ta ɓangare na uku mu ne dole sai mun tsaya mun tabbatar da wanda ya yi laifi.

'Yan uwana fatake ku lura da wannan: inshorar ɓangare na uku ba ta biyan kayan da ke cikin motarka. Sa ya karye, ko buhun albasa ya zube, ba ruwanta. Kaya a kan hanya inshorarsu daban ce, sai ka saye ta musamman.

Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful, wadda aka gina kan taimakekeniya ba riba ba. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna da lasisin NAICOM, kuma takardarsu ta mota karɓaɓɓiya ce a doka.

Ka tabbatar takardarka ba ta bogi ba ce

Nan ne da yawa ke faɗuwa tun ba a fara ba. Ka ba wani a bakin ofishin lasin kuɗi ya haɗo maka takardu gaba ɗaya, ya kawo maka takarda mai tambari da kyau, amma babu kamfanin da ya san da ita. Ranar da aka yi karo ka gane takarda ce kawai.

Dubawa ba wuya. Ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motarka, ko ka shiga shafin askniid.org, rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi. In ta gaske ce za ka ga sunan kamfani da ranar ƙarewa. Da wannan hanyar kuma za ka duba motar wanda kuka yi karon, tun kuna tsaye a wurin. Ni haka na yi, na ga tasa tana da rai, na san akwai inda zan bi.

Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora a faɗin ƙasa, kuma hukuncin da aka sanar a lokacin shi ne tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara guda ko duka biyun. A watan Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar inshora, wajibcin kuma yana nan daram. In ka je caji ofis da takardar bogi, ko gaskiyarka ta kai hasken rana, ka riga ka ba abokin rigimarka sandar dukanka.

Minti talatin na farko a wurin karo

Yawancin shari'ar a nan ake cinta ko a faɗi.

1. Rai tukuna. In akwai wanda ya ji rauni a kai shi asibiti, ka kira 122 na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. A Legas akwai 767 kuma. Kada ka gudu. In taro ya yi zafi kana tsoron ranka, ka nufi caji ofis mafi kusa kai tsaye ka kai kanka.

2. Hoto kafin a motsa mota. 'Yan Lastma ko jami'an hanya za su matsa a kawar da motoci saboda cunkoso, kuma da gaskiyarsu. Amma kafin nan ka ɗauki minti biyu: hoto daga nesa da ke nuna yadda motocin biyu suka tsaya a kan layin titi, hoto daga kusa na inda kowace ta bugu, sawun taya, inda gilashi ya zube, danja ko alamar hanya in akwai, da lambar motarsa. Ka yi bidiyo kana zagayawa.

3. Kada ka amsa laifi, kada kuma ka yi zagi. Mu a wajenmu sannu jaje ce, ba amsa laifi ba ce, amma in ta fito da Turanci a gaban waya sai a juya ta. Ka tambaye shi ko lafiya, ko wani ya ji ciwo, ka tsaya nan. Cikin sharuɗɗan inshora akwai cewa ba ka da ikon amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da yardar kamfaninka ba. In ka yi, suna iya zame jikinsu.

4. Nemi shaida wanda ba naka ba. Yaron motarka shaida ne, amma za a ce ai yaronka ne. Mai shago a bakin titi, mai POS, ɗan acaɓa, mai gadin wani gida, su ne maganarsu ke da nauyi. Ka karɓi lambar waya nan take, don bayan awa ɗaya kowa ya watse. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai banki, gidan mai ko kanti mai kyamara a kusa. Irin wannan hoton ba ya daɗewa ake gogewa, sai an nema da wuri.

5. Ku yi musayar bayani: suna, lambar waya, lasin tuƙi, kamfanin inshora. In direba ne ba mai motar ba, ka nemi sanin mai motar. Ka nuna takardunka, amma kada ka damƙa wa abokin rigima asalin takarda ko makullin mota.

6. Kada ka bari magana ta koma ta ƙabila. Wani a cikin taro zai jefo kalma don ya tunzura ka, ka yi kamar ba ka ji ba. Duk mun tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, daga ƙaramar hatsaniya aka yi asarar rayuka da dukiya. In ba ka jin Yarbanci ko Turanci sosai, ka kira wanda ke ji daga cikin shugabannin kasuwarku ko tasharku ya zo ya tsaya maka.

Yadda ake gane mai laifi

Ba wanda ya fi ɗaga murya ba ne, kuma ba wanda motarsa ta fi tsada ba. Ana duba ƙa'idar hanya ne da abin da jikin motoci ya nuna.

Wanda ya bugi wani ta baya, shi ake fara ɗora wa laifi, don wajibinsa ne ya bar tazara. Shi ya sa mutumin nan ya nace cewa ta baya na buge shi. Wanda ya sauya layi, shi ke da alhakin tabbatar da hanya a buɗe take kafin ya shiga. Mai fitowa daga ƙaramar hanya ko gidan mai zuwa babban titi shi zai jira. A shataletale, wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya. Wanda ya tsallake jan danja, ko ya bi hannun da ba nasa ba, ko yake tafiya da baya, da wuya ya kuɓuta.

Mota ba ta ƙarya. Da ta baya na buge shi, but ɗinsa da bambarsa ta baya ne za su lotse. Amma but ɗin lafiya lau, ƙofar gefe ce ta goge, kuma fentina yana jikinta a karkace. Wannan kaɗai ya rushe maganarsa.

A sani kuma, ba kullum laifi ke zama na mutum ɗaya ba. Ana iya cewa shi ya kutso, kai kuma gudunka ya yi yawa ko burkinka ba shi da kyau. A irin wannan ana raba laifin, a rage maka abin da za a biya ka gwargwadon naka kason.

Rahoton 'yan sanda

In ɗaya direban yana musu, kada ka yarda da "mu je gareji mu yi magana". Ku je sashen kula da haɗurran mota na caji ofis ɗin yankin. Za su ɗauki jawabin kowa, su zana taswirar wurin, wani lokaci a kira jami'an duba lafiyar mota su duba burki da taya.

Abu uku a nan. Kada ka sa hannu a jawabi ko zane sai an karanta maka ka gane, in ba ka iya karatun boko ba ka zo da wanda ya iya. Ka faɗi abin da ya faru a jere: lokaci, wuri, layin da kake, ba ƙari ba ragi. Sannan ka nemi rahoton a rubuce, don kamfanin inshora zai tambaye ka shi.

Rahoton ɗan sanda hujja ce mai ƙarfi, amma ba hukuncin kotu ba ne. Kuma ba aikin ɗan sanda ba ne ya tilasta maka biyan kuɗin gyara. In ana matsa maka ka biya kafin a saki mota ko direba, ka nemi ganin DPO, ko ka kira lauya.

Ni abin da na fara roƙa shi ne a bar ni in sauke shanun, don amanar mutane ce kuma ba za su jure rana a cikin mota ba. Aka bari wata motar ta zo ta kwashe su.

Sanar da kamfani da neman biya

Ka sanar da kamfaninka a ranar, ko washegari in ya yi tsanani, ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Dalili shi ne ɗaya ɓangaren zai iya kawo ƙorafi a kanka, kuma jinkirin sanarwa na cikin abin da kamfanoni ke fakewa da shi. Ka kira, sannan ka bi da saƙo a rubuce don ya zama kana da shaidar ranar. Duk wasiƙar da ta zo maka daga ɗaya ɓangaren ko lauyansa, kada ka amsa da kanka, ka miƙa wa kamfaninka.

Don neman a gyara maka taka motar kuma, za ka rubuta wa mai ɗaya motar takardar neman diyya, ka kai kwafi kamfaninsa, a buga maka tambarin karɓa a kan naka kwafin. Abin da ake haɗawa:

rahoton 'yan sanda;
hotuna da bidiyo;
kwafin lasin direba da takardun mota;
kwafin takardar inshorarka;
jawabinka a rubuce da lambobin shaidu;
kiyasin kuɗin gyara daga makanike, a rubuce dalla-dalla;
rasit na janwe, da na asibiti in akwai.

Kada ka fara gyara sai injiniyan kamfanin ya zo ya ga motar. Na san wannan da ciwo ga mai neman abinci da mota, amma in ka gyara kafin su gani, ka goge hujjarka da hannunka. In dole ce ta kama, ka nemi izininsu a rubuce, ka ajiye tsofaffin kayan da aka cire.

Injiniyan zai rage kiyasin, kusan kullum haka suke yi. Za su ce fitilarka tsohuwa ce, ba za su biya kuɗin sabuwa cif ba. Kana da damar jayayya da farashin kasuwa a hannunka. In kun daidaita za su ba ka takardar sallama. Ka karanta adadin da kyau, don da zarar ka sa hannu ka rufe maganar.

Abubuwan da ke kashe neman biya: lasin da ya ƙare ko wanda bai dace da girman motar ba, inshorar da ta ƙare ko da kwana ɗaya ne, tuƙi cikin maye, da yin haya da motar da aka yi wa inshorar gida. Ƙarya kuma ta fi duka, in suka kama ka da ƙara ɓarnar da ba ta wannan karon ba, har gaskiyar taka sai ta tafi.

In an ƙi biya

Ka nemi su rubuta maka dalilin ƙin. Da wannan takardar za ka kai ƙorafi sashen karɓar koke na NAICOM, wanda aikinsa ke nan, kuma kamfanoni ba sa son sunansu ya je can.

In mai motar ne ya ƙi ba da haɗin kai, ko ba shi da inshora, to shi za ka bi. A Legas akwai cibiyar sulhu ta gwamnatin jiha da ke sasanta mutane kyauta. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a 2018, wadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya, an kuma tsara ta don a gama cikin kwana sittin. In ɓarnar babba ce ko akwai rauni, ka ɗauki lauya, kuma ana haɗa direba da mai motar a ƙara.

In sulhu kuka zaɓa

Sulhu alheri ne, kuma ƙaramar gogayya ba ta kai a kwana ana yawo ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa sun sha kashe irin wannan wutar. Amma a rubuta: ranar, lambobin motoci, adadin kuɗi, wanda zai biya, da cewa magana ta ƙare daga nan. Kowa ya sa hannu da shaidu biyu, kuɗi kuma a tura ta banki. Na ga wanda ya biya a bakin titi hannu da hannu, bayan sati aka zo masa da 'yan sanda kamar ba a taɓa yin komai ba. Ka kuma sani, kuɗin da ka biya a sulhu ba da sanin kamfaninka ba, kada ka sa ran za su mayar maka.

Yadda tamu ta ƙare

Wata mai POS da ke bakin wurin ta yarda ta faɗi abin da ta gani, Allah Ya saka mata. Da maganarta da hotunan, rahoton ya nuna shi ne ya sauya layi ba tare da kula ba. Bidiyon "sori" bai yi masa amfani ba. Ya ja ƙafa sati uku kafin ya sanar da kamfaninsa, sai da takardata mai tambari ta riga shi isa. Kiyasinmu dubu ɗari uku da ashirin ne, suka biya dubu ɗari biyu da arba'in da biyar. Kwanakin da mota ta yi a tsaye a tsakiyar kasuwar Sallah, da kuɗin hayar wata motar, ba wanda ya biya mu. Amma dubu ɗari takwas ɗin nan ba ta fita daga jarin Baba ba.

Ranar da kuɗin suka shigo na nuna masa saƙon banki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Ashe takardar nan tana aiki." Washegari ya sa na duba lambobin duk motocin da ke yi mana dako. Cikin biyar, biyu babu su a rumbun.

Don haka ɗan uwa, yau ba gobe ba, ka danna lambar nan ka duba taka. Ka ɗauki hoton takardunka ka ajiye a waya, ka rubuta lambar kamfaninka a inda direbanka zai gani, ka kuma zaunar da shi ka gaya masa abin da zai yi da abin da ba zai faɗa ba. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu gida lafiya.